Lasin Baffa a Aljihuna

Yanzu idan mutum zai tashi daga Landan zuwa Kano, ko ƙaramin almakashi aka gani a jakarsa sai an karɓe. A shekarun da kuɗin mai ya ɓarke mana, ba abin da ba mu ɗauka zuwa gida: firji, keken ɗinki, rediyo mai kaset, har tayar mota. Duk wanda gwamnati ta turo kwas ya zama ɗan aiken danginsa. Ni ma saƙo ya iske ni a ɗakin da nake haya a Whitechapel, daga Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida.

Wasiƙar da ajami take. Ya ce aladun daji sun addabi gonarsa ta bakin rafi, bindigarsa ta toka kuwa kafin ya ɗura mata albarushi sun gama ɓarna sun wuce. In sayo masa mai baki biyu, irin ta Turawa, kafin damina. A ciki ya naɗo lasin bindigarsa na hukumar En'e, wanda ya yi laushi saboda ajiya a aljihu. A ganinsa ya gama nasa: ga shaidar hukuma ta san shi da bindiga, saura in nuna a ba ni. A wajenmu kuwa babba ba ya aikenka ka dawo masa da bayani.

Na tafi wani kantin kayan farauta, na shimfiɗa takardar a kan tebur. Mai kantin, wani dattijon Bature, ya juya ta gaba da baya.

"Wannan wa ya bayar?"

"Hukumar garinmu."

"Garinku kuma a wace ƙasa?"

Ya yi mini bayani a natse. Na daɗe a ƙasarsu har na wuce matsayin baƙo mai wucewa, don haka ba zai miƙa mini bindiga ba sai da takardar 'yan sandansu. Ko kuma ya aika da ita kai tsaye, idan na kawo izinin shigowa daga 'yan sandan ƙasarmu. Daga baya na ga irin wannan a Amurka, inda mutumin wata jiha ba ya zuwa maƙwabciyarta ya sayi ƙaramar bindiga ya sa a aljihu, sai dai a tura ta wa dillalin jiharsu. Amma a lokacin abin da na sani shi ne na Baffa: ka je wurin maƙeri, ya san ubanka, shi ke nan.

Na rubuta gida a nemo izinin. Nan aka shiga zarya. Ina Landan aka ƙara yawan jihohi, garinmu ya faɗa sabuwa. Tsohon ofis ya ce mu ba nasu ba ne yanzu. Sabon ya ce fayil bai iso ba, fom ma ba a buga ba. Kullum da safe sai na sauka ƙasa na duba ko wasiƙa ta zo. A aji ana maganar tsarin ma'aikata, ni ina lissafin saura mako nawa ruwa ya sauka a gida. Nakan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na san inda za ni ba, in fita Deptford, in zaga kasuwa, in dawo.

A can Deptford ɗin akwai wani mutumin Gana, ɗan zangon Hausawa, mai aika kaya ta jirgin ruwa. Na gaya masa damuwata.

"Kai, Malam, wannan ma magana ne? Ka kawo shi. Mu kwance bayan firji, mu sa shi, mu ɗaure. Wa zai buɗe?"

Saura wanda zai saya. Ina da aboki likita, ɗan ƙasarmu, wanda yake bin abokan aikinsa harbin tsuntsaye, yana da takardar 'yan sandan.

"Wato ni zan saya, kai ka ɗauka, Baffa ya harba," in ji shi. "Idan aka kama, wa za a harba?"

"Haba Likita. Alade ne fa, ba juyin mulki ba."

"To, ka gaya wa sojan da ke tashar jirgin ruwa ta Legas haka."

Duk da haka ya bi ni kantin, saboda ya san abin da Baffa yake a wurina. Mai kantin ya sauko da bindigar, ya karya ta a tsakiya, ya nuna mana cikinta tana sheƙi. Sannan ya jawo wani babban littafi, ya kwafi lambar da ke jikin ƙarfen, ya fara rubuta sunan Likita kusa da ita. Na ga hannun Likita yana matse hularsa. Lambar nan za ta bi shi duk inda bindigar ta je, shi da aikinsa da matarsa da 'ya'yansa biyu. Ni ba sunana ko'ina.

Na ce, "A bar shi."

Da muka fita titi, Likita ya juyo gare ni. "Ka sayo masa laima," ya ce. "Ita ma doguwa ce."

Na sayo kuwa, baƙa mai marikin katako. Kuskurena shi ne da na bar mai kanti ya naɗe ta a takarda. Ranar da na isa gida ana sauke kaya, idon Baffa bai bar dogon ƙunshin nan ba. Ya karɓa da hannu biyu, nauyin ya gaya masa tun kafin ya kwance. Na miƙa masa lasinsa, na fara zancen jiha da fom da fayil.

"Ka sha hanya," ya ce. "Je ka huta."

Ya yi shekaru yana zuwa Juma'a da laimar. Gonar bakin rafi kuwa daga daminar nan bai ƙara shuka ta ba, kuma har ya rasu bai sake aikena ko'ina ba.