Kofaton Goɗiyar Rustem Usta

Tun da tarakta ta shigo ƙauyukan Bafra, mutane suka kwance dawakinsu suka kora su fadamar bakin teku, Rustem Usta ya zama mai sana'a ba aiki. Shi ne mai gyaran kofato da sa wa doki takalmin ƙarfe, gadon ubansa. Dawakin kuwa ko a jikinsu. Suka hayayyafa, jikokinsu suka tashi ba su san linzami ba, suna kiwo tsakanin ɓauna da tsuntsaye, sun yi ɓul-ɓul abinsu.

Rustem bai yi fushi ba, sai dai ya kasa zama. Kullum da hantsi zai sa wuƙar kofato a aljihu ya hau keke ya nufi fadama. Kowa in ya je fadama wuyan doki yake yabawa, shi ƙafa yake kallo.

"Kai tsoho, za ka gaida surukan naka?" in ji matarsa Zulfiye. "Ka ce ina gaishe su, su ma ba sa kawo komai gida."

"Hajiyata, aƙalla su ba sa mita."

Ran nan ya hango wata jar goɗiya a bayan garke tana ɗingishi. Zaren tarun masunta ne ya naɗe mata ƙafar baya, har ya fara cin nama. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in aka bar shi ƙafar ruɓewa za ta yi, doki mai ƙafa uku kuwa ba ya ganin ƙarshen sanyi.

Ya shiga zarya da gishirin Zulfiye a cikin hula. Sai ya zauna a ciyawa ya juya wa goɗiyar baya, yana ɗan fito kamar bai san da ita ba. A gidan shayi aka samu abin yi.

"Usta, an ce amaryar ta ƙi ka?"

"Ku bari kawai, mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Sannu a hankali ta fara lasar gishiri, har ta yarda ya shafa wuyanta. Ranar da ya ga ta sake, ya jingina kafaɗarsa da cinyarta, ya bi ƙafar da hannu, ya ɗaga. Wuƙa ɗaya, zare ya faɗi. Mai hankali a nan zai saki ya ja da baya. Amma ina! Kofato a tafin hannunsa bayan shekara da shekaru, ga gefe ya ɗan yi tsawo? Bai san lokacin da ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa ya fara fiƙewa ba.

Goɗiya ta ga abin ya wuce yarjejeniya. Ta ɗauke shi da harbi, sai ga Usta zaune daɓas cikin taɓo. Ta zura da gudu ta bi garke, ƙafa huɗu ras.

Da ƙyar ya turo keke gida, yana ɗingishi yana dariya, farin ciki ya cika shi fal. Zulfiye ta ga cinyar ta kumbura, ta saki salati.

"Wayyo ni! Ai sai ta karya ka!"

"Da wace ƙafa kike jin ta harbe ni?" Ya share ƙwalla da bayan hannu. "Da mai ciwon, Zulfiye. Wallahi da mai ciwon!"