Ranar da Mwajabu Ta Ajiye Ludayi

Duk wanda ya yi aure a unguwarmu nan Morogoro, ko ya yi suna, ko aka yi masa rasuwa, to ya ci shinkafar pilau ɗin Mwajabu, wadda kowa ke kira Maman Shomari. Gajeruwa ce, kakkaura, ga baki kamar reza. Tukunyar da take ɗorawa, yaro zai shiga ciki ya yi wanka. Tun tana budurwa take bin mahaifiyarta gidajen biki, yau ga ta da jikoki, hayaƙi bai bar idonta ya huta ba.

In ka tambaye ta, za ta ce ta je Dodoma, ta je Iringa, ta je Dar es Salaam ba sau ɗaya ba. In ka ce me ta gano, sai ta ja tsaki. Murhu ta gano, da itace, da buhun albasa. Ta je Dar ta dawo ba ta ga teku ba, kun ji abin haushi! Ko ziyara ta je gidan dangi, kafin ta cire takalmi an ce, "Allah ya kawo ki, dama muna da baƙi gobe."

Mai kawo mata kwakwa ne ya ja mata. Mutumin Pangani ne, kullum sai ya zuba mata labarin garinsu can arewa a bakin teku, inda kogi ke shiga ruwan gishiri, iska na kaɗa mutum har barci ya sace shi a zaune. Rannan ta ce ya isa haka, za ta je ta gani da idonta. Ita kaɗai, 'yan kwanaki, ba tukunya, ba gidan kowa. Ta sa ɗanta Shomari ya kama mata ɗaki ta waya a wani masauki mai kallon ruwa, ta sayi sabon zani da 'yar jaka wadda ko faranti ba zai shiga ba.

Mijinta Kibwana, mai gyaran keke, da ya ji sai da sifana ta faɗi daga hannunsa.

"Masauki? Maman Shomari, kina da hankali kuwa? Yayata Mwanahawa tana garin, ki je ki biya kuɗin kwana kamar marar dangi? Da wane ido zan kalle ta?"

"Da wannan da kake kallon tayar keke," in ji ta. "Baban Shomari, in na sauka gidan Yaya, tekun da zan gani shi ne ruwan wanke shinkafa."

"To ni wa zai dafa mini?"

"Au, ashe ba Yaya ba ce damuwarka! Ga Chausiku nan tana soya waina a bakin titi, ba ka mutuwa."

Chausiku ƙawarta ce, ita kaɗai ta faɗa wa ranar tafiya, ta kuma roƙe ta ta riƙe bakinta. Ina! Chausiku ba a ba ta ajiyar magana. Kafin la'asar maƙwabta sun fara sallama. Ashe duk unguwar nan ba wanda ba shi da wani a hanyar Pangani. Wannan ta zo da ƙullin garin masara a kai wa 'yarta, wancan ya zo da zakara ɗaure da ƙafa. Mwajabu ta ɗaga musu 'yar jakarta, ta ce duk abin da ya shiga nan za ta kai. Mai zakara ya duba jaka, ya duba zakara, ya koma gida ana yi masa dariya.

Wannan duk wasa ne. Ana gobe tafiya wayarta ta yi ƙara, ta duba. Yaya Mwanahawa ce, yayar Kibwana, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Labari ya riga mota isa.

"Amaryarmu! Ashe kina tafe ba ki faɗa ba? Allah ne ya turo ki. 'Yar maƙwabciyata za a aurar ranar Asabar, mai girkinsu kuwa ba ta san hannunta ba."

Mwajabu ta buɗe baki za ta ce a'a. Abin da ya fito shi ne, "Mutum nawa ne, Yaya? Wace irin shinkafa suka saya?" Sabo turken wawa. Tana jin kanta tana cewa a jiƙa kayan ƙamshi tun da wuri, a nemi busasshen itace, hannunta kuma ya riga ya kai kan babban ludayinta yana naɗe shi cikin sabon zanin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har idonta ya ciko, amma yayar miji ba a ce mata a'a.

Kibwana yana bakin ƙofa da hannu duk baƙin mai. Ya kalli ludayin, ya kalli fuskar matarsa. Mutumin nan tunda aka haife shi bai taɓa musa wa yayarsa ba, ko a waya sai ya miƙe tsaye yake amsa ta. Ya goge hannu a wando, ya karɓi wayar.

"Yaya, ina wuni. Ni ne." Ya gyara tsayuwa. "Yaya, ki yi haƙuri. Matata teku za ta gani. Ba za ta taɓa tukunya ba, kuma a masauki za ta kwana. Ni na ce."

Kibwana ya haɗa gumi. Can sai dariya ta fashe a wayar, har Mwajabu tana jiyowa.

"Kai, Kibwana! Yau ka girma? To madalla. Ni kaina rabona da zama a bakin ruwan nan har na manta, ga shi a bayan gidana. Ka ce mata in ta iso zan zo in raka ta."

"Ni kaɗai, Yaya!" Mwajabu ta ƙwala daga inda take, kafin ta kama bakinta.

"Ja'ira! Na ji. Ki dai leƙo mu gaisa, ba zan nuna miki ko ashana ba."

Da safe ta ajiye ludayi a gida, Kibwana ya goya ta a keke har tasha, yana ta mita wai ta yi nauyi, tana ce masa ƙarfinsa ne ya ƙare. Ta samu kujerar taga. Da motar ta tsaya a Chalinze masu talla suka yanyame ta, ta miƙa hannu ta sayi soyayyen dankali da ƙwai wajen wata daga cikinsu, da zafinsa. Ta kai loma ɗaya, ta ɓata fuska.

"Gishiri bai ji ba," ta ce da matar da ke kusa da ita. "Man ma ya kwana."

"To ki mayar mata mana, Mama."

"In mayar? 'Yar nan, ba ni na dafa ba, ba ni zan wanke kaskon ba." Ta gyara zama, ta cinye shi tas, tana dariya ita kaɗai har motar ta ɗauki hanyar arewa.