Injin Ban Ruwan da Yaya Ya Saya a Waya

A gidanmu ba a fasa ciniki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, idan ya ce "na saya", ko bayan nan ya gano jakin gurgu ne, haka zai jawo abinsa gida yana ɗingishi. Yayana da nake bi ya gaji wannan hali har ya fi mai shi. Ni kuwa boko aka sa ni, na zama malamar firamare a Funtuwa, shi ya sa duk abin da ya shafi Turanci ko waya ni ake kawo wa.

Shekarar da fetur ya gagari talaka, Yaya ya ƙudura sai ya mallaki injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yana da fadama a bayan garin Ƙarfi, ya riga ya yi renon irin tumatir, ya fito kore shar, dashe kawai yake jira. In ba a sami ruwa cikin mako biyu ba, noman ranin bana ya tafi. Ya kwashi masararsa tun tana araha ya sayar a kasuwar Bakori, ya kawo mini kuɗin na zuba a asusuna.

Ni ce na nuna masa shafin gwanjo a intanet, inda ake sa kaya mutane su yi ta tayi har lokaci ya cika. Muka ga injin da faifan solarsa, muka taya, wani ya ɗara mu, aka rufe. Kashegari sai ga saƙo: wai wanda ya ci ya fasa, an sallama mana a kan tayinmu, mu kira wata lamba.

Wannan bai ba Yaya mamaki ba. Haka ake yi a kara, in mai sayen farko ya janye, dillali ya nemo na biyu. Ya kira. Muryar dattijo ce, mai natsuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi amfanin gona, har ya ce a ɗan jira shi zai yi sallar Azahar. Kafin in buɗe baki na ji Yaya ya ce, "To Alhaji, na saya."

Daga nan abubuwa suka fara yi mini ƙaiƙayi. Saƙon ba ta cikin shafin ya zo ba. Mutumin ya ce kada mu biya ta can, wai suna yankar la'ada mai yawa, a tura masa kai tsaye. Sunan da ke kan asusun da ya bayar na mace ne, ya ce na ƙanwarsa ne. Na ce ya kira mu ta bidiyo mu ga injin yana aiki, ya ce kyamararsa ta fashe. Kuma sai yau, sai yau, domin wai akwai mai jira da kuɗi a hannu.

"Yaya, raina bai kwanta ba," na ce. "Mu bari sai wani ya je ya gani da ido."

"Malama ke nan, sarkin zargi," ya ce yana dariya. "Mutumin da a haife ya haife mu zan ce wa ban yarda da shi ba? Kuma ai na riga na ce na saya. So kike a ce ɗan gidanmu ya yi magana biyu?"

Ina da baki, kowa ya sani, har shugaban makarantarmu shakkar bakina yake yi. Amma a gaban Yaya sai na koma ƙanwa. A saman shafin akwai gargaɗi da jan rubutu cewa kada a biya kowa a waje. Da Turanci aka rubuta, ni kaɗai nake iya karantawa, kuma na karanta. Duk da haka da yatsana na tura kuɗin.

Alhajin ya ce ya ba direba saƙo, zai iso tashar Malumfashi da hantsi. Kwana uku Yaya yana zuwa tashar nan, duk motar da ta tsaya sai ya leƙa bayanta. A rana ta biyu aka daina ɗaukar waya, a ta uku aka kashe ta. Na rubuta wa masu shafin, suka amsa cewa wanda ya ci gwanjon bai taɓa fasawa ba, ya ma karɓi kayansa.

Na hau mota na je na gaya masa. Na same shi a fadama yana ɗibar ruwa da bokiti, irin ya yi tsawo ya fara rawaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ko dai wani abu ne ya sami bawan Allahn nan? Kin ji muryarsa fa." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na fi jin haushin kaina.

Bai bari irin ya mutu ba. Ya tuge shi ya ba maƙwabcin gonarsa mai inji, kyauta. Fadamarsa ta zauna ƙeƙasasshiya har damina.

Da tumatir ya nuna, wata Asabar motar da na shiga ta tsaya a Dayi. Na hango Yaya a bakin titi cikin masu lodi, da kwando a ka, yana yi wa maƙwabcin nan aikin yini. Ya gan ni, ya sauke, ya zaɓo manya guda biyar ya miƙo mini ta taga.

"Irina ne," ya ce. "Kin ga yadda ya yi kyau?"

Na riƙe su a cinya har Funtuwa, ban iya yin miya da su ba.