Jan Gashin da Na Yi Alfahari da Shi

Lokacin da wannan abu ya same ni ban wuce shekara ashirin ba, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina fiye da kima. 'Yar cikin garin Haɗeja ce ni. Gidanmu Fulanin gida ne, irin waɗanda kakanninsu suka ajiye sandar kiwo suka zauna a gari amma ba su rabu da shanu ba. Da nono da man shanu aka raine mu, kuma tun ina ƙarama nake jin manyan gidanmu suna cewa kifi abincin masunta ne, mu ba ma kusantar ƙarni. Na yi firamare har aji huɗu, ina iya karanta rubutun jikin gwangwani, wanda a zamanin ba ƙaramin abu ba ne ga mace. Aka aurar da ni ga wani malamin makaranta, mutum mai sanyin hali, ba a daɗe ba aka tura shi koyarwa wani ƙauye na bakin kogi a wajen Auyo. Na bi shi da 'yata ta fari a goye, ina jin kamar an cire ni daga cikin mutane an kai ni daji.

Gidan da aka ba mu danga ɗaya ce ta zana ta raba shi da gidan wani dattijon masunci. Matarsa ta kusa haifar mahaifiyata, don haka Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini matar malam. Tun ranar da muka sauka ta fara aiko mana da miya a 'yar langa, kamar yadda maƙwabta suke yi, yau tarwaɗa da zogale, gobe karfasa da kuka, wani lokaci busasshen kifi da ta daka da ƙuli-ƙuli. Nakan karɓa da hannu biyu, in yi godiya har da durƙusawa. Da ta juya baya sai in zaga bayan ɗaki in juye wa kajina, in wanke langar da toka sau biyu don ƙarnin ya fita, in mayar mata in ce miya ta yi daɗi. Haka na yi ta yi wata da watanni. Malam kuwa yana cin kifinsa a bakin kogi tare da abokansa, ya san ba na so, bai taɓa matsa mini ba.

Da farko ban ga wata illa ba, domin duk mako mahaifina yana aiko mana da ƙwaryar kindirmo da man shanu ta hannun 'yan kasuwa. Sai aka shiga shekarun nan na fari, wajen lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ciyawa ta ƙare, shanun gidanmu wasu suka mutu, sauran aka kora su kudu neman kiwo, ƙwaryar nono ta daina zuwa. A daidai wannan lokaci na yaye yarinyar saboda na samu wani cikin. Da a gida nake, da kakarta aka kai wa ita yaye, amma ga ni a ƙauye ni kaɗai da wayona. Na sa Malam ya sayo mini madarar gwangwani daga Haɗeja. Kullum in dama koko, in zuba sukari, in ɗiga madarar nan kaɗan don gwangwani ɗaya ya kai mu kwanaki, in ba ta safe da rana da yamma. Gwangwanayen da suka ƙare kuwa jera su nake yi a kan taga, don duk matar da ta shigo ta san 'yata ba irin abincin 'ya'yansu take ci ba.

Akwai kuma abin da na taso da shi, cewa duk wanda ya haɗa kifi da nono a cikinsa fatarsa za ta yi dabbare-dabbare. Tun da ina ɗiga madara a kokonta, sai na kafa doka cewa ko romon kifi kada ya taɓa bakinta. Ƙwai ma na hana, don an ce yaron da ya saba da ƙwai yakan tashi da ɗauke-ɗauke. Wake na ce zai kumbura mata ciki. Da na gama hane-hanena, babu abin da ya rage wa yarinyar nan sai ruwan gero da sukari.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne yadda ciwon ya zo mini da fuskar alheri. Da damina ta kama, kumatunta suka cika, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, na ce madara ta karɓe ta. Gashinta da yake baƙi mai tauri irin na ubanta ya fara yin laushi, ya miƙe, ya yi ja-ja. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, na ce jinin gidanmu ne ya fito, gashin Fulani ne. Har kitso nake ƙoƙarin yi mata ina saka mata 'yan duwatsu, in gashin ya biyo hannuna in ce ai haka gashi mai laushi yake. Ta daina wasa, ta daina dariya, in an ajiye ta nan za a dawo a same ta tana wani kuka siriri mara ƙarfi, na ce miskilanci ne da kunya irin ta danginmu. Fatar cinyoyinta ta fara saɓulewa, sai na ɗauko wata 'yar kwalbar man zaitun da mahaifina ya kawo mini tsaraba daga aikin hajji, ina shafa mata don albarkarsa. Malam ya taɓa cewa shi fa yarinyar nan ba ta yi masa kama da mai lafiya ba. Na ce masa ya tsaya a kan allonsa da allinsa, raino ba aikinsa ba ne.

Ranar da asirina ya tonu, da hantsi ne, ina tsakar gida ina tankaɗe. Iya ta shigo karɓar langarta da kanta, ta tarar da yarinyar a zaune a kan tabarma. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta tsuguna ta kama ƙafarta ta danna babban yatsanta a kan tudun ƙafar, ta ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna, rami sosai, kamar an danna cikin tuwo mai sanyi. Ta ce in zo in gani. Muka tsaya muna kallon ramin nan, ni ina jira ya cike, shi kuwa ya ƙi. Ta ce mini wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma gashin nan da nake yi wa ado ba na Fulani ba ne, na yunwa ne. Ta ce ta ga irinsa a ƙauyukan tudu inda babu kogi, amma tun da take ba ta taɓa ganinsa a gidan da ake jin ƙarar ruwa daga tsakar gida ba.

Kalmar yunwa ita ta ƙona ni. Na miƙe na ce mata 'yar malamin makaranta ba ta yunwa, na nuna mata gwangwanayen kan taga. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba, ta binne 'ya'ya biyu a rayuwarta, ta san yadda idon yaro yake komawa in ya fara sallama da duniya, kuma idon 'yata ya fara. Ta ce in na ga dama in ci gaba da fushi da ita har shekara, amma yau ɗin nan a kai yarinyar asibiti. Na sake duba ƙafar, har lokacin gurbin yatsan yana nan, sai na ji wani tsoro da ban taɓa jin irinsa ba.

Duk da ƙarancin ruwan shekarar, fadama ta cika ta yanke hanyar mota. Mijin Iya ya bar komarsa ta kamun kifi ya ɗauke mu a kwalekwale, ni da Malam da ita, ya tuƙa mu ta cikin gonakin shinkafa har inda muka samu mota zuwa Haɗeja. A cikin jirgin nan, mai warin kifin da na yi shekara ina toshe wa hanci, na rungume 'yata ina jin numfashinta sama-sama, ina roƙon Allah kada ya kama ta da laifina. A asibiti wata malamar jinya ta duba ta, ta yi irin dannawar da Iya ta yi, ta ce tamowa ce, ta tambaye ni abin da nake ba ta. Na lissafa da 'yar sauran taƙamata. Ta tambayi inda muke zaune, na ce bakin kogi. Ta ɗago ta yi mini wani irin kallo, wanda da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sannan ta lissafa abin da za a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan in ta fara karɓa: kifi, ƙwai, gyaɗa, wake, ganyen zogale, da ɗan mai a cikin kunu. Ta ce maganar kifi da nono ba ta da tushe. Da na ambaci man zaitun, ta ce shafawar ba laifi, amma in riƙa zuba ƙaramin cokali a abincinta, in ya ƙare man gyaɗa ma ya isa. Duk abin da ta lissafa, in ban da man zaitun, babu wanda bai taɓa zuwa gidana a cikin langar Iya ba.

Mun yi kwanaki a asibiti kafin aka sallame mu, sauran jinyar kuwa a tsakar gidan Iya aka yi ta. Ita ta koya mini yadda ake zare ƙayar busasshen kifi, a daka shi lukui, a tankaɗe, a zuba a kunun gyaɗa. Ta koya mini murza zogale a cikin faten wake, da dama gwaiduwar ƙwai a koko. Ranar farko cokali biyu kawai yarinyar ta karɓa ta kau da kai, na fashe da kuka. Iya ta ce in share hawayena, cokali biyu ya fi na jiya. Da kumburin ya gama saɓewa sai ga 'yata ta koma ƙashi da fata, na rikice na ce ciwon ƙaruwa yake yi. Iya ta yi dariya ta ce yanzu ne na ga ainihin 'yata, waccan mai kumatun ta aro ce, a kan wannan za mu gina. Haka kuwa aka yi. Wata rana ina ba ta kunu ta fizge cokalin daga hannuna ta buga mini a goshi, ta ƙyalƙyale da dariya. Rabona da jin dariyarta har na manta. Bayan wata biyu sabon gashi ya fara tsirowa daga tushe, baƙi ƙirin mai tauri irin na ubanta, jan yana can a sama. Na sa aka aske mata, na ƙulle jan a ƙyalle na ajiye.

Sai da ta fara gudu a tsakar gida na samu ƙarfin halin faɗa wa Iya abin da na riƙa yi da miyarta. Na durƙusa na ce ta yafe mini, duk langar da ta aiko kaji ne suka cinye. Ta ce ai ta sani tun makon farko, danga ce ta zana, kuma ba ta taɓa ganin bayan ɗakin da ya cika da ƙayar tarwaɗa ba sai nawa. Na tambaye ta to me ya sa ba ta daina aikowa ba. Ta ce ta yi tunanin wata rana zan gaji da zubarwa in ɗanɗana. Sannan ta nuna ƙwan da ke hannuna, wanda zan fasa wa yarinyar, ta ce in daina damun kaina, miyarta ba ta ɓata ba, ta bi ta cikin kaji ne ta dawo wa mai ita.

Yarinyar nan yau ita ma ta yi jikoki. Cikin da nake ɗauke da shi a lokacin, da sauran da suka biyo baya, duk da garin kifi da zogale na yaye su, babu wanda ya yi ko kwana ɗaya na irin wannan ciwo. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa yin sallah na manta da ita ba.

Abin da ya sa na rubuto muku, ku masu wannan shafi, shi ne bayanin da na ga kun yi a kan amfanin man zaitun da wasu ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake yi da gansakukar ruwa. Ban musa amfaninsu ba, ni ma na ga ranar man zaitun a kunun 'yata. Amma ina jin tsoron kada wata yarinya mai irin halina na da ta karanta, ta ɗauka lafiya sai a cikin kwalba ko gwangwani take, ta raina abin da ke bakin ƙofarta. 'Yan'uwana mata, ku dubi abin da kuke hana 'ya'yanku, ku tambayi kanku ko dalili ne ko girman kai ne aka gada. In ƙafar yaro ta cika, ku danna ku gani kafin ku yi murna, in gurbin ya zauna ku nufi asibiti a ranar. In kuma wata dattijuwa ta faɗa muku magana mai ɗaci a kan ɗanku, ku saurara, ko da ba ta san harafi ɗaya ba. Ƙullin jan gashin nan yana nan a ƙasan akwatina. Duk jikata da ta zo yaye sai na kwance na nuna mata, in gaya mata cewa wannan ne gashin da na taɓa yi wa ado ina alfahari, alhali 'yata tana mutuwa a hannuna, kuma maganinta yana bayan ɗakina kaji suna ci.