Tujen da ƙanena ya gani

Ni na koya wa ƙanena sunayen tsuntsaye, shi ma bai taɓa musun haka ba. Muna yara, duk hutun makaranta a Iware muke yinsa, a wurin kakanmu na wajen uwa, wanda ya yi kiwo tun daga can arewa kafin ya zauna ya kama noma. Idan ya fita duba 'yan shanun da suka rage masa, ni nake binsa. Shi ya nuna mini carki a bayan saniya, da cilakowa, da bambancin kukan kurciya da na hasbiya. Ƙanena kuwa ƙwallo ce a gabansa. Sai na jawo shi da ƙarfi yake tsayawa ya kalli abin da nake nuna masa.

Akwai tsuntsu ɗaya da kakan yake yawan ba ni labarinsa, wato tuje. Ya ce babba ne, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, yana tafiya a hankali cikin fili da kansa a sama, kuma ba ya yarda a matso shi. Ya ce tun da ya baro ƙasar yashi bai sake ganinsa ba. Na sa ya zana mini shi a ƙasa da sanda ba sau ɗaya ba.

Keke ma na riga ƙanena iyawa. Na Babanmu nake sata in zagaya unguwarmu Majidaɗi, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfe, har ranar da Innarmu ta ce na girma, ya isa. Daga nan keken ya koma hannunsa.

Shekaru suka wuce. Na yi aure a Mayo Gwoi, ina koyarwa a firamare, 'ya'yana uku. Shi ya gama jami'a, ya shiga wata ƙungiya ta masu nazarin tsuntsaye, don wani abokinsa yana ciki. Wata Asabar a farkon sanyi ya zo gidana ina tsinken zogale, ya zauna a kan turmi.

"Adda, an saka sunana a tafiyar Yusufari," in ji shi. "Mota za ta kai mu da kekuna, daga nan mu riƙa taka su ƙauye zuwa ƙauye, kwana goma. Lokacin ne tsuntsayen Turai suke saukowa."

Na ce masa Allah ya sa alheri. Na ci gaba da tsinke, har na haɗa da sanduna ban lura ba.

"Da ke ce ma ya fi dacewa," ya ce.

Da bai faɗi wannan ba da ya fi mini sauƙi. Babu wanda ya hana ni zuwa, domin babu wanda ya yi tunanin tambayata, ni ma kuma na san ba zan bar aji da yara in hau keke cikin maza takwas ba. Amma sanin hakan bai rage komai ba.

Da suka isa sai hotuna suka fara shigowa wayata duk inda suka sami sabis. Ga shi nan da hular sanyi da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ga kekunansu masu faɗin taya jingine a jikin goruba. Ga tudun yashi ja, suna tura kekunan suna hawa, domin ba ya takuwa. A saƙon murya yana haki yana dariya, yana cewa da safe yatsunsu ba sa iya matsa birki don sanyi, sai sun ɗumama su a jikin kofin shayi. Nakan saurara a ofishin malamai lokacin hutun tara, in kashe, in sake kunnawa. Wata malama ta tambaye ni ko lafiya. Na ce ƙanena ne ya tafi yawon banza.

Kusan kowane hoto da tambaya yake zuwa. "Adda, wannan fa?" In ce zalɓe. "Wannan?" In ce kirinjijiya, ka duba farin fuskarta. Daga baya ya gaya mini abokan tafiyar suna yaba masa yadda ya san sunayen Hausa, har shugaban nasu, wani dattijon malamin jami'a, yana rubutawa a littafinsa. Ban tambaye shi ko ya faɗa musu inda yake samowa ba.

Rana ta shida, ina dawowa daga makaranta a cikin keke napep, hoto ya shigo. Daga nesa aka ɗauka, bai fita sosai ba. Tsuntsu ne tsaye shi kaɗai a cikin busasshiyar ciyawa, doguwar wuya mai launin toka, kai a sama. Tayar kekensa ce ta yi faci, sauran suka yi gaba, yana zaune yana gyara ya hango shi. Ya rubuto: "Wannan wane irin talotalo ne?"

Na gane shi nan take. Har mai napep ya wuce kwanar gidanmu ban lura ba.

Ban ba shi amsa ba sai bayan la'asar. Na rubuta masa cewa hoton bai fito ba, wataƙila zabon daji ne. Ya turo alamar dariya, ya ce to. Na ajiye wayar na shiga kicin, na yi wa babbar 'yata faɗa a kan tukunyar da ba ita ta bari ba.

Sun dawo ranar wata Laraba. Ya zo da yamma, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsage, yana tafiya a buɗe saboda sirdin keke. Ya ba ni labarin raƙuma da rijiyoyi da wani ƙauye da aka yanka musu akuya. Can ya ce abu ɗaya ne ya ɓata wa malamin nasu rai, wai shekara uku ke nan yana zuwa neman tuje bai dace ba.

Na ɗauko wayata na buɗe hoton na miƙa masa.

"Ga shi nan," na ce.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce ai shi ya goge nasa tun a can, da wayarsa ta cika.

"Kin sani tun ranar?"

"Na sani."

"Adda, da kin faɗa, da gari ya waye mun koma wurin. Tafiyar awa ɗaya ce kawai." Sannan ya ce, "Kuma ai duk sun san ke ce. Malam kullum cewa yake in tambayo Addata."

Na ce ya tura wa kansa hoton. Ya tura, ya aika wa malamin a gabana. Ba a jima ba malamin ya kira, ina jin muryarsa daga inda nake zaune, yana tambayar daidai wurin, da ƙarfe nawa, da ko shi kaɗai ne. Ƙanena ya fita tsakar gida yana amsawa, yana kwatanta filin da hannu.

Na ba shi haƙuri da ya dawo, ya ce ya wuce, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Ya bar mini ledar dabino da ya sayo a hanya. Bayan fitarsa na zauna na ci guda huɗu ko biyar. Suna da daɗi ƙwarai, ni kuma har lokacin haushinsa nake ji.