Alkawarin da na yi a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo

Shekarun baya kaɗan, ina zaman banza a Magariya bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, abokina ya samo mini aikin anketi. Aikin shi ne mu bi ƙauyuka gida-gida mu rubuta mutum nawa ke noma, nawa ke kiwo, nawa ke kamun kifi a tafki, nawa ke saran itace su sayar. Kwana uku aka yi ana koya mana, aka ba kowa jaka da takardun tambayoyi. Yadda nake tafiya da jakar nan a kafaɗa, sai ka ce ni ne gwamnan Damagaram.

Shugaban ayarinmu ya ja mana kunne tun ranar farko: "Ƙidaya ce kawai. Kada wanda ya yi wa kowa alkawarin komai." Na gyaɗa kai kamar kowa.

Bayan kaka ne, kuma shekarar hatsi bai yi ba. Aka sauke ni a moto a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Maigari ya karɓe ni da mutunci, amma mutane suka ƙi tsayawa. Wani ya ce sun gaji da rubutu, wani ya ce ƙarin haraji ake nema. Har azahar gida biyu kawai na cika, alhali goma sha biyar ake so a rana. Tsoro ya kama ni kada a ce ban iya aiki ba.

Bayan sallah, a ƙofar masallaci, na buɗe baki na ce duk wanda aka rubuta, idan taimako ya zo shi za a fara dubawa: iri, taki, wataƙila har da abinci. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi. Kafin la'asar layi ake yi a gabana.

Cikinsu akwai wani dattijo mai sanyin murya. Ya kai ni gidansa, ya sa aka damo mini fura. Ya ce shi da 'ya'yansa biyu magidanta ke noma gonar, matansu kuma na da gayauna ta gyaɗa. Na tambayi ko akwai mai tafiya cirani, ya ce jibi ma yaran za su ƙetara Najeriya aikin lambu, kamar kowace shekara. Sai ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikacin boko a wajenmu.

"Mushe, in taimakon ya zo ba sa nan, za a cire su?"

Nan ne ya kamata in tsaya. Amma maganar da na yi a bainar jama'a ta riga ta ɗaure ni. Na ce, "Baba, ai wanda aka samu a gida shi ake ba."

Ya ce, "To, madalla." Na sha furata na wuce gida na gaba. Ranar na cika gida goma sha bakwai, shugabanmu har da yaba mini.

Wata shida bayan nan, dab da faɗuwar damina, na je kasuwar Guci rakiyar kawuna sayen rago. A karar dabbobi wani ya riƙo hannuna. Dattijon nan ne, ya rame, yana riƙe da igiyar wani sa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Mushe, takardar tamu har yanzu ba ta kai ba ne?"

Ya ba ni labari ba tare da fushi ba. Ya hana yaran tafiya. Sun zauna rani guda suna jira, duk motar da ta shigo gari sai an fito duba ta. Rumbu ya ƙare tun kafin zafi ya tsananta, suka ci irin shuka, suka sayar da awakin mata. Yanzu san huɗarsu ne ya kawo, shi kaɗai ya rage.

Na so in ce masa ya ƙara haƙuri, tana tafe. Bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, babu wani taimako. Ƙidaya ce kawai. Ni na ƙara maganar don ku tsaya ku amsa mini."

Ni da na shirya jin zagi, abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka faɗa mana tun ranar, ɗana. Da mun amsa maka, kuma da yaran sun tafi." Dillali ya kira shi, ya ja sansa ya bi shi. Ina tsaye har aka yi ciniki, aka kwance igiyarsa aka miƙa masa, ya naɗe ta a hannu ya fita kasuwa.

Ban sake ganinsa ba. Sau biyu aiki ya bi da ni ta hanyar garinsu, ban iya sauka ba. Ban san da me suka yi huɗa a wannan daminar ba.

Har yau ina wannan aiki, ni nake koyar da sababbi ma. Abin da na gane shi ne mai jaka da takarda, ko yaro ne, a ƙauye maganarsa ta hukuma ce, kuma mutane na iya jingina shekararsu gaba ɗaya a kanta. Na roƙi Allah gafara sau da yawa. Shi dattijon ne ban roƙa ba, kuma ranar a kasuwa yana gabana, na kasa.