Gonar Baban Yara

Baban yara, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai. Shekara da shekaru yana aikin haɗa magani a asibiti, muna zaune a Barking, can ƙasar Turawa, amma bai taɓa yarda shi ba manomi ba ne. Da ya ɗan samu sarari sai ya sayi fili can wajen gari a Essex, gefen wani rafi mai gangarawa teku. Na ce masa, "Kai dai ba ka gajiya da jawo wa kanka wahala." Dariya kawai ya yi.

Filin duk ƙaya ne da ƙananan itatuwa. Kowace Asabar sai ya ɗauki fartanyar da ya sa aka kawo masa daga gida, mu tafi. Ya sare komai tas har bakin ruwa, ya tayar da kunya kamar a garinsu. Masara ba ta taɓa yin abin kirki ba, sanyi ya hana ta. Ni kuwa ina cikin mota da shayina ina masa tsiya, shi yana ta haƙi yana jin daɗi.

Bayan na fita takaba wata wasiƙa ta zo, daga ofishin da ke kula da ruwa da dazuzzuka. Muka haɗu da ma'aikaciyarsu a filin, wata Baturiya mai dogon takalmin roba. Ta ce idan aka yi ruwan sama, ƙasa da taki na kwarara daga gonaki zuwa rafi, su ɓata ruwan bakin teku. Za su biya kuɗin dashen itatuwa da shinge, da sharaɗin filin ya koma daji, babu noma har tsawon shekaru masu yawa.

Wallahi raina ya ɓaci. Wato a biya ni in mayar da abin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana sarewa! Na ce mata zan yi tunani, amma a zuciyata na riga na ce a'a.

Na kira yaran, su uku, kowa yana garin da aiki ya kai shi. Na yi ta bayani da Hausa, babbar ta katse ni: "Mummy, just sign." Ba wanda zai yi noma a cikinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Haushi dai na ji.

Sai na ce ni zan noma. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba! Jirgin ƙasa, sannan bas, sannan tafiya a ƙasa, ni kaɗai. Asabar huɗu na yi, bayana ya ƙi. A ta ƙarshen ruwa ya tsuge, na tsaya ina kallon jan ruwa yana bin tsakanin kunyoyinsa, yana kwashe ƙasar zuwa rafi. Ba kowa a wurin, ko wanda zan yi wa mita babu. Na yi kuka sosai. Da na dawo gida na yi signing, na sa hannu a takardarsu.

Lokacin sanyi aka yi dashen. Kowane tsiro an sa masa bututun roba don kada zomaye su ci, layi-layi har bakin ruwa.

Ranar wata Juma'a wan mijina ya bugo daga gida. Dattijo ne, shi ya riƙe baban yara tun yana ƙarami. Muka gaisa, ya tambayi gona. Na faɗa masa gaskiya, har da batun teku, ina ta kame-kame. 

Sannan ya ce, "A wurinmu ai sai mutum ya mutu bai bar kowa ba gonarsa ke komawa daji."

Na ce, "Ya bar mu, Yaya."

Ya ce, "To kuna ina?"

Na duba falon, daga ni sai kujeru. Na ce masa ya gaida mutanen gida.